Amaryar da Ba a Ja wa Ragama Ba

Ranar da Tukur ya fara ganin Rekiya, ba neman aure ne ya kai shi Kurfi ba. Doki ya jawo tun daga Dutsin-Ma, a ƙasa, domin dokin ya ƙi yarda kowa ya hau shi. A shekarar alif ɗari tara da hamsin da tara ne, ana cikin girbin gero.

Dokin na mahaifinsa ne, Alhaji Dalhatu, ɗan kasuwar hatsi da dabbobi. Baƙi ne wuluk, mai dogayen ƙafafu. Alhaji ya saye shi don sukuwar da 'yan kasuwar garin suke yi kowace shekara bayan kaka, ya sa masa suna Hadari. Sunan kuwa ya bi shi, don cikin wata biyu ya kayar da mutum huɗu. Da abin ya ishi Alhaji sai ya ce a kai shi wurin Sodangi na Kurfi, wanda ya yi suna wajen horon dawaki.

Tukur ya yi sallama, ya tarar da dattijo a kan tabarma, ya miƙe ƙafa ɗaya, ga sanda a gefensa. Suka gaisa, ya faɗi saƙon Alhaji. Sodangi ko motsi bai yi ba, sai ya ɗaga murya.

"Rekiya! Zo ga baƙo."

Wata doguwar budurwa ta fito daga barga da damin harawa a kai. Ta gaishe da Tukur gaisuwar da ba ta wuce kalma uku ba, ta wuce shi ta nufi dokin. Ashe baƙon da ake nufi ke nan. Ta daɗe tana shafa wuyansa tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, sannan ta buɗe bakinsa ta leƙa.

"Wa ke hawan shi?" ta tambaya.

"Rabe, mahayin Alhaji."

"Matso ka gani."

Tukur ya matso da ɗari-ɗari. Dasashin dokin da harshensa duk sun tsattsage, wani miki ya warke, wani ɗanye.

"Aikin linzami ne," in ji ta. "Ana fizgar ƙarfe a kan ciwo, kuma ana mamaki don ya kada mutum. Wanga doki ba mugu ba ne, malam. Kai ma in an yi maka haka sai ka kada wani."

Tukur ya dubi dattijon, ya dube ta. "Ke ce za ki hore shi?"

"Shekara biyar ke nan da doki ya faɗa wa Baba a ƙafa. Duk dokin da ka ji an ce ya fito hannun Sodangi tun daga nan, hannuna ya fito. Kowa ya sani a Kurfi, faɗi ne ba a yi."

Ta faɗi haka ba fahariya, ba neman tausayi, ta kwance linzamin ta rataye shi a bango. Tukur ya koma gida a motar kasuwa, har ya isa bai san me aka yi hira a kai ba a hanya.

Alhaji yana da ma'aikatan da za su riƙa kai wa doki gero. Amma sai ga Tukur, wanda da can ko turken doki ba ya leƙawa, ya zama mai tausayin dabba na ban mamaki. Duk ranar kasuwar Kurfi shi ne a gaba da buhu.

Ya ga yadda take aikinta. Safe da yamma tana wanke bakin Hadari da ruwan ɗumi da gishiri, ta shafa masa man shanu. Kwana arba'in ba abin da ya shiga bakinsa sai abinci. Bayan haka ta sa masa ragama ta igiya kawai, ta fara hawansa da sanyin safiya a yashin rafi, tana juya shi da gwiwa da murya. Takan sa wandon babanta a ƙarƙashin zane, ta ɗaure kallabi tamau. Shekarunta ashirin, kuma a Kurfi ta wancan lokaci wannan ya isa a riƙa yi da yarinya a bakin rijiya.

Wata rana bayan la'asar suna zaune a ƙofar barga, Gwaggo Inno, ƙanwar Sodangi wadda ta raine ta, tana nesa kaɗan tana kaɗi, kunnenta kuwa yana wurinsu, Tukur ya ce, "Mai Ragama, in tambaye ki?"

"Yaushe na zama Mai Ragama?"

"Tun ranar da kika sa wa mutum biyu, doki da wanda ya jawo shi."

Ta rufe baki da gefen gyale tana dariya. "'Yan kasuwa dai ba ku rasa bakin talla."

"Ba talla nike ba. Son ki nike, Rekiya, kuma aure nike nufi."

Ta ɗauki wani tsinken harawa tana karyawa. "Kai ne na huɗu. Ukun farko, har da Rabe naku, magana ɗaya suka zo da ita: in an ɗaura aure in bar dawaki. Na ce su sauka lafiya. Tun ina shekara bakwai nike kan doki, Tukur. Ban iya saƙa ba, ban iya kitso ba, wanga na iya. In kai ma ita ka zo da ita, faɗa mani tun yanzu, kada in saba da kai."

"Ai kin riga kin saba."

"Shi ya sa nike tambaya."

Ya ce ba zai raba ta da dawaki ba, kuma har zuciyarsa ya faɗa. Abin da bai lissafa ba shi ne bai taɓa musa wa mahaifinsa magana ba tunda aka haife shi.

A makon da kaya suka hana shi zuwa, sai ya ba direban motar kasuwa takarda da ajami:

"Mai Ragama, bayan gaisuwa. Yau muna awon dawa, na auna wa mutum mudu sha ɗaya a maimakon goma saboda tunaninki. Ki gaishe da Baba da Gwaggo. Ki gaya wa Hadari ina kishinsa, shi kullum yana ganin ki. Naki, Tukur."

Amsarta ta zo washegari:

"Ɗan kasuwa, ka kula da mudunka kada Alhaji ya kore ka. Hadari ya warke, jiya ya yi gudun da ban taɓa gani ba. Ya ce kai ma ka zo a duba ka. Ni ma na ce haka. Rekiya."

Ranar da Tukur ya kai maganar gaban mahaifinsa, Alhaji yana zaure yana cin goro, Rabe yana gefe yana gyaran sirdi.

"Ɗiyar Sodangi? Wadda ake cewa tana hawan doki da wando?" Alhaji ya ajiye goron. "Tukur, duk 'yan matan Dutsin-Ma sun ƙare? A ce surukar Dalhatu ce waccan ke sukuwa a rafi, in sa fuskata ina a kasuwa?"

"Alhaji, tana da hankali, tana da addini."

"Ban ce ba ta da su ba. Mace dai sau ɗaya take hawa doki, ranar da za a kai ta ɗakinta, shi ma wani ke ja mata ragama. Haka muka taras."

Tukur ya ga ƙofa tana rufewa, ya rasa abin da zai tokare ta da shi. Sai bakinsa ya riga hankalinsa. "Ai in an yi auren za ta bari, Alhaji."

"To in haka ne sai a duba," in ji Alhaji.

Rabe bai ɗago kai daga sirdin ba. Amma da aka aike shi Kurfi ya ɗauko Hadari, saura mako guda sukuwa, bai sauke maganar a ko'ina ba sai a kunnen Rekiya, har da ƙarin gishiri.

Ba ta yi kuka a gabansa ba. Ta miƙa masa igiyar ta ce, "Ka faɗa ma Alhaji, da ragama za a hau shi. Kada a sa mashi ƙarfe a baki. Bakin ya warke, amma shi bai manta ba."

Ta kuma ba direba takarda, gajeriya:

"Tukur, na ji abin da ka faɗa wa Alhaji. In shi ka yi wa ƙarya, ba kyau. In ni ka yi wa, ya fi muni. Ko wanne ne, kada ka ƙara kawo gero, ba dokinku a nan. Rekiya."

Tukur ya karanta ya fi sau goma. Ya rubuta amsa uku ya yayyaga, domin kowace ya duba sai ya ga wata sabuwar ƙarya ce yake shirin yi. Ranar ko tuwo bai iya ci ba.

Shi kuwa Alhaji da ya ji saƙon ragama, dariya ya yi har da tafa hannu. "In shiga fili gaban 'yan kasuwa da doki ba linzami, kamar jakin kai taki? Rabe, sa mashi linzamin da na sayo a Katsina, mai azurfa."

Ranar sukuwa fili ya cika a bayan gari. Dawaki tara ne, zagaye uku. Rekiya ta rantse ba za ta zo ba, amma wata uku tana rainon doki, ƙafarta ta ƙi zama. Ta biyo Gwaggo Inno, suka tsaya can cikin mata masu sayar da fura.

Tun daga nesa ta ga ƙyallin azurfa a bakin Hadari, ta gane linzami aka sa masa. Rabe ya hau, ya fizgi linzami don ya daidaita shi a layi. Dokin ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ya juya, ya yi jifa da Rabe gefe guda. Ya tsaya yana rawar jiki, kumfa da jini suna zuba daga bakinsa, ba wanda ya iya matsawa kusa. Mutane suka fashe da dariya. Wani ya ɗaga murya ya ce Alhaji Dalhatu ya sayi aljani da kuɗinsa.

Tukur ya dubi mahaifinsa, ya ga fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya dubi wajen mata, ya hango ta. Sai ya matsa gaban Alhaji ya durƙusa, ya yi magana yadda na kusa duk za su ji.

"Alhaji, ka gafarce ni, na yi maka ƙarya. Rekiya ba ta ce za ta bar dawaki ba, ni ma ba ni son ta bari. Ita ta hore wanga doki, ba Baba Sodangi ba. Ta faɗi kada a sa mashi ƙarfe, ba a ji ba. Ga ta can. In ba ita ba, ba mai hawan shi yau."

Alhaji bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tukur ya ɗauki shirun a matsayin izini, ya ratsa fili har wurin masu fura.

"Mai Ragama, na ɓata a gaban Alhaji, na kuma gyara a gabansa. Ko ba ki yafe mani ba, ki zo don Hadari."

Ta dube shi, ta dubi Gwaggo Inno. Tsohuwar ta karɓi gyalenta ta ce, "Ni dai na ga wandon da kika sa tun da safe, ban yi magana ba. Tafi."

Ta isa wurin dokin tana kiran sunansa a hankali. Ya saukar da kai. Ta zare linzamin ta miƙa wa Rabe, wanda ke zaune a ƙasa yana dafe da ƙugu, ta kwance igiyar da aka jawo dokin da ita ta ɗaura ragama. Masu sauran dawakin suka yi caa, wai ba a taɓa yi ba. Malam Audi, dattijon da ke sakin dawaki, ya ce shi rana tana dukan sa, duk wanda ke tsoron yarinya ta wuce shi ya fitar da dokinsa. Ba wanda ya fitar.

Aka saki dawaki. Hadari ya tashi a makare, shi ne na ƙarshe a zagayen farko. Rekiya ta kwanta a wuyansa, ba bulala, ba ƙaimi, bakinta a kunnensa. A zagaye na biyu ta wuce huɗu. Matan da suka zo sayar da fura suka bar ƙorai suna guɗa. A zagaye na uku ta wuce uku, ta kamo wani farin doki na mutumin Makera, suka taho kai da kai. Farin ya riga ta da tsawon wuya.

Ta biyu ta zo. Ta sauka, ta nemi ruwan ɗumi ta wanke bakin dokin a nan gaban jama'a, ta miƙa wa Tukur igiyar, ta karɓi gyalenta suka kama hanyar tasha. Alhaji kuwa tuni ya bar filin.

Garin ya rabu biyu. Wasu suka ce abin kunya ne, wasu suka ce su dai ba su taɓa ganin hawa irin wannan ba. Kwana tara Alhaji bai yi wa ɗansa magana ba sai amsa gaisuwa. A rana ta goma ya kira shi ya ce, "Na sa kawunka Labaran ya je Kurfi nema maka. Ƙarya ce ba ni so, kuma ka janye ta da bakinka." Game da dawaki bai ce uffan ba.

Tukur ya je Kurfi ya durƙusa gaban Sodangi da Gwaggo Inno, ya maimaita alkawarinsa. Da suka keɓe a ƙofar barga, Rekiya ta ce, "Na yarda da kai yanzu. Amma gidan na Alhaji ne, ba naka ba. In ya ce a'a fa?"

"Sai in nemi wani gidan. Ba zan so haka ba, amma zan yi."

"Ni ma ba zan so a ce na raba ɗa da uba ba," ta ce. Dukansu sun san maganar ba ta ƙare ba.

Ya koma ya kafa turke huɗu a bayan sashensa, ya yi rumfa. Alhaji yana wucewa ta wurin kullum, ya duba ya wuce. Wannan shirun ya fi faɗa damun su. Har aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla, Rekiya ba ta san ko gidan miji za ta ba, ko gidan da za a rufe ta.

Ranar kai amarya aka yi yadda aka saba. Saboda nisa, da hantsi aka tashi. Aka kawo wata tsohuwar goɗiya mai sanyi, aka ɗora Rekiya, aka lulluɓe ta, Kawu Labaran ya kama ragama yana ja, mata suna biye suna waƙa. Sodangi ya sa mata albarka daga kan tabarmarsa, ya juyar da kai don kada a ga idonsa. Amare sukan yi kuka a hanya, ita ma ta yi, sai dai nata ya bambanta. Tunda ta yi wayo ba a taɓa ja mata doki ba sai yau, kuma tana jin wataƙila wannan ne hawanta na ƙarshe.

Bayan la'asar suka iso bakin Dutsin-Ma, sai waƙa ta tsaya. Ta ɗan ɗaga mayafi ta leƙa. Alhaji Dalhatu ne tsaye a ƙarƙashin tsamiya, abin da uban ango ba ya yi, Tukur yana bayansa. A hannun Alhaji akwai igiya, a ƙarshen igiyar Hadari, da sirdi, ba komai a bakinsa.

"Labaran, ku sauko da ita," in ji shi.

Mata suka sauko da ita, ta durƙusa. Alhaji ya yi gyaran murya sau biyu, don ba mutum ne da ya saba janye magana a gaban mata ba.

"Ɗiyata, na taɓa cewa mace sau ɗaya take hawa doki, kuma ja mata ake. Tun daga can nike kallon ku, Labaran na jan ki kamar buhun gero, abin bai yi mani kyau ba. Wata huɗu ina auna maganar mutane da abin da idona ya gani, idon ya rinjaya." Ya miƙo igiyar. "Riƙe. Gidanki ne, ki shiga da kanki. Mijinki turke huɗu ya kafa, ƙaramin tunani gare shi. Na sa an ƙara biyu."

Ta karɓa da hannu biyu. Gwaggo Inno ta rangaɗa guɗa. Tukur ya riƙe mata likkafa, ya ce a hankali, "Sannu da zuwa, Mai Ragama."

"Ka matsa, ɗan kasuwa, kada ya taka ka," ta ce, tana dariya tana share hawaye.

Ba ta yi sukuwa ba ranar, amarya ce. A hankali ta shiga gari, lulluɓe, ragama a hannunta, surukinta yana tafe a ƙasa a gefenta yana amsa gaisuwar mutane kamar kullum haka ake yi.

Da kaka ta zagayo ta sake shiga fili, ta zo ta ɗaya, kuma Alhaji ne ya fi kowa ɗaga murya. Shekaru goma da suka biyo baya turakun nan shida ba su taɓa zama ba doki ba. Daga Kuki, daga Makera, har daga nesa ake kawowa, kuma ba a ƙara cewa hannun Sodangi ba, shi da kansa ya hana. Linzamin azurfar nan kuwa yana rataye a zauren Alhaji, in baƙo ya yaba kyansa sai ya ce ya ɗauka in yana so, su sun daina.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Ta fari mace ce, Aishatu, kuma kakanta Alhaji ne ya fara ɗora ta a kan doki, ya sa mata igiyar a hannu.